Gano bawul mai ƙara ba tare da na'urar gwaji ba

Malam, ka ce amfilifayarka, wato na'urar ƙara sauti, mai bawul (ƙwan gilashin nan da ke ƙarfafa sautin) tana shuuu da ƙyas-ƙyas, kana son gano bawul mai laifin, kuma ba ka da na'urar gwaji. Ba sai da ita ba, yawancinsu ƙarfin bawul suke aunawa, ba hayaniyarsa ba.

Kunna ta, ta yi ɗumi kamar minti 10, ka ɗan ƙara murya. Sami fensir ka riƙa ƙwanƙwasa kowane bawul a hankali da gefen magogin. Ɗan "tin" ba komai ba ne. Wanda ya yi amo kamar an buga kwano, ko ya ɓarke da fito, shi ne. Fara da ƙaramin da ke kusa da mashigar sauti, galibi 12AX7, wato ECC83, domin duk ƙarar da ya yi sauran ninka ta suke yi.

Idan sitiriyo ce, wato mai ɓangaren sauti na hagu da na dama, kashe ta ta huce, ka musanya bawul na hagu da takwaransa na dama. Ƙarar ta bi shi? Ka kama ɓarawo. In ta tsaya wuri ɗaya, duba soket ɗin da ake cusa ƙafafun bawul. Ni kam ƙurar hunturu ta sha ruɗa ni, goge ƙafafun bawul kawai na yi aka zauna lafiya.

Gunji mai kauri kuwa sau da yawa laifin kafasito ne, wato abin da ke tara wuta a cikin amfilifayar. Amma kada ka zura hannu ciki, yana iya riƙe wuta sama da volt 300 ko bayan an zare filogi.