Tambaya da Amsa: Kik da Sitata a Tsohon Babur

Tambaya: Ina da tsohuwar Honda Roadmaster da na gada. In na danna sitata sai in ji "ƙas" kawai, kik kuma wani lokaci yana zarcewa ƙasa ba tare da ya juya inji ba. Sitatar zan sauya? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malam, kada ka yi saurin zuwa kasuwar Panteka sayen sitata. Wannan "ƙas" ɗin ƙarar rile ce, makunnin da ke haɗa batir da sitata in ka danna maɓalli. Tunda ya yi ƙara, maɓallin lafiya lau yake, wutar ce ba ta isa ba. A sa mita a batir. Mai volt 12 in ya cika zai nuna kusan 12.6, mai volt 6 kuma 6.3. In ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da ake danna sitata, ga mai 12 ke nan, batirin ya gaji. Kafin ka yanke masa hukunci, kankare kawunansa da wayar da aka ɗaure a jikin firam, domin tsatsa kaɗai na iya tare wuta. In duk wannan lafiya ne, sai a buɗe sitata a duba kabon, ɗan gawayin da ke kai wuta ga amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikinta; yakan cinye ya daina taɓa amecha.

Da a ce sitatar na juyawa "wiii" inji bai motsa ba, da matsalar daban ce. Akwai wani ƙaramin kuloci bayan magneto, mai 'yan rola uku da sifirin, wanda ke kama inji ta gefe guda ya sake shi da zarar ya tashi. In sifirin ya mutu ko rola ta lotsa, sai ya riƙa sulɓewa. Kada kuma ka riƙe maɓalli fiye da daƙiƙa 5. Saki, ka jira kamar 10, ka sake.

Shi kik, ƙarfen da kake takawa yana kan sanda mai haƙora. A ciki akwai giya mai kamawa in an taka, ta juya karanshaf, sannan sifirin ya maido da ƙarfen sama. Zarcewa na zuwa ne daga wuri uku: noti ya saki har haƙoran waje suka gwigwiye, ko haƙoran giyar ciki sun cinye, ko kuma faifan kuloci na sulɓewa, a baburan da kik ɗinsu ke bi ta cikinsa. Fara da notin, shi ne mafi arha. Walda kik a jikin sanda da wasu makanikai ke yi gyaran ganganci ne: ranar da za a buɗe murfin inji sai an yanka.

Tambaya: Me ya sa kik ke dukan ƙafata da safe? Daga Kawo.

Amsa: Ko dai taimin ya yi gaba, wuta na tashi kafin fistin ya kai sama sai ya komo baya, ko kana taka rabi-rabi. Taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ka bar ƙarfen ya dawo sama, sannan ka taka gaba ɗaya har ƙasa. A sanyin hunturu fetur ba ya saurin kamawa, don haka ja cok, kada ka murɗa totur. In babur ɗinka mai foyin ne, wato makunnin da ke buɗewa da rufewa don ba fulog wuta, a daidaita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4 kafin a taɓa taimin.