Ga ɗan'uwanmu da aka ba takardar tuhuma saboda sigina

Ɗan'uwa sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin in iya rubuta komai, wallahi kamar labarina kake bayarwa. Ka ce siginar tasharku ta jirgin ƙasa, wato alamar da ke ba jirgi hanya, ta yi mako uku tana wasa, ka kai ƙara, masu sigina sun ce matsalar daga layi take, masu layi sun ce ba tasu ba ce, ranar da jirgi ya makara kuma kai aka miƙo wa takardar tuhuma, shi ne kake tambaya wai wa ke da iko a reluwe, wa za ka kai wa kuka. To sannu. Kada ka sa hannu a kan komai tukuna, wannan shi ne na farko, sauran bari in faɗa maka yadda ya zo mini.

Abin da ba a gaya mana ranar da aka ɗauke mu aiki shi ne, reluwe a waje kamar gida ɗaya yake amma a ciki gidaje ne da yawa kowa da maigidansa. Kai kana ƙarƙashin masu zirga-zirga, mai gyaran layi yana ƙarƙashin injiniyan layi, mai sigina da nasa ogan, masu tarago da kan jirgi su ma haka, kuma kowane ɗaya rahotonsa sama yake hawa ta tsaninsa har hedikwata, ba ya ratsowa gefe ya zo wurinka. Kasafin kuɗinsu daban, ƙarin girmansu daban. Kai ana ce maka shugaban tasha amma ba ka da ikon sa lebura ɗaya na layi ya ɗaure noti, sai dai roƙo. Shi ya sa duk abin da ya lalace a mahaɗa, inda aikin wannan ya taɓa na wancan, ba shi da uba.

Ni nawa a kan makarkatar layi ne, wurin da ake juya jirgi daga babban layi zuwa na gefe. Ƙaramar tasha ce a layi guda, aikinmu kawai mu ajiye wannan jirgi a gefe wancan ya wuce. Na lura in an juya ta bakin ƙarfen ba ya mannewa sosai, akwai ɗan tsagi da yatsana ke shiga. Na gaya wa shugaban leburorin layi, ya ce sandar da ke tura ta ce, ta masu sigina ce. Mai sigina ya zo ya duba ya ce sandarsa lafiya lau, ƙasa ce ta zauna, tsakuwar ƙarƙashi ta zube, a kira masu layi. Sau uku ina buga wa kwantirol waya, wato ofishin da ke kula da zirga-zirgar jirage. Har injiniyan layi na yankinmu ya biyo rangadi, na kai shi wurin da kaina, ya sa ƙafa ya taka ƙarfen, ya ji yana motsi, ya ce mini kada in damu za a turo mutane cikin satin nan. Ina iya gaya maka kalar takalmin da ya saka ranar, don a kansa idona yake lokacin da yake takawa.

Ba a turo kowa ba. Bayan kwana goma sha ɗaya, wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, jirgin kaya yana shiga layin gefe a hankali, kan jirgi ya wuce, taragu da yawa sun wuce, sai na ji wata ƙara da har yau in na tuna ta sai cikina ya juya, ƙarfe na cin katako, taragu biyu na baya sun sauka daga layi. Na fita da tocila ina gudu ina kiran sunan gadi, ma'aikacin da ke tafiya a taragon baya, ba na tunanin komai sai ko ya mutu. Allah ya kiyaye ba wanda ya yi ko ƙwarzane, na same shi zaune a kan tsakuwa yana rawar jiki. Amma layi ya toshe kusan kwana guda.

Aka kafa kwamitin bincike, su waye a ciki? Ogan layi, ogan sigina, ogan taragu da ogana. Wato waɗanda ake bincikar sassansu su ne masu binciken. Wannan injiniyan da ya taka ƙarfen da ƙafarsa yana zaune gabana, tazarar tebur ɗaya, aka tambaye shi ko an taɓa sanar da shi, ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa jin maganar ba. Ɗan'uwa ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce ranka ya daɗe ka ji tsoron Allah, kai fa ka taka da ƙafarka. Aka ce in zauna, aka rubuta cewa na yi rashin ladabi a gaban kwamiti. Ogana da nake tsammanin zai tsaya mini yana ta juya biro a hannu, ko tari bai yi ba. Daga baya na gane shi ma lissafi yake, in laifi ya tsaya kan ƙaramin ma'aikaci ɗaya an rufe fayil, in ya hau kan wani sashe kuma faɗa ne tsakanin manya da zai kai hedikwata. Aka ce ni ne ban tabbatar makarkata ta zauna ba kafin in ba jirgi hanya. Dakatarwa wata biyar, rabin albashi. Wata biyar ina fita da safe kamar mai zuwa aiki don kada yara su gane, in je in zauna inda ba wanda ya san ni. Mutumin nan kuwa a shekarar aka ƙara masa girma. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata amma wannan kallon da ya yi mini yana ƙarya, har yanzu ina fama da zuciyata a kai.

Ka san abin da ya cece ni? Wani dattijo cikin leburorin layi yana da ɗan littafinsa na aljihu da yake rubuta duk inda aka kai su da wanda ya zo, a ciki akwai ranar rangadin da sunan makarkatar. Da shi da rajistar kwantirol inda aka samu ɗaya daga cikin kiran da na yi, ɗaya tak a cikin uku, sauran biyun wanda ya ɗauka bai rubuta ba. Wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata ya haɗa su ya ɗaukaka ƙara, aka mai da ni aiki. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri.

Don haka dan Allah daga yau duk kiran da ka yi wa kwantirol ka nemi sunan wanda ya ɗauka da lokaci, ka rubuta a littafin tasha, wanda ya zo gyara ya sa hannu ko da cewa ya yi ba nasa ba ne, to ya rubuta ba nasa ba ne. Ka ɗau hoton shafin da wayarka, littafin tasha yana ɓata in bincike ya taso, na gani da idona.

A zaman dakatarwar nan ne na shiga karance-karance kan yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu, don ina son in san mu kaɗai ne ko kuwa. Ashe ciwon ko'ina akwai shi. Ingila ta yi doka a 1993 ta yayyanka reluwenta, layi aka ba kamfanin Railtrack, jiragen fasinja aka raba wa kamfanoni daban-daban, gyaran layi kuma aka ba 'yan kwangila. A watan Oktoba na 2000 a kusa da garin Hatfield ƙarfen layi ya farfashe a ƙarƙashin jirgi mai gudu, mutum 4 suka rasu, kuma an san ƙarfen nan ya tsattsage tun kafin ranar, an san yana bukatar canji, aikin ne ya maƙale tsakanin mai layi da ɗan kwangila. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru. Railtrack bai tashi ba daga nan, a 2002 wani sabon kamfani mai suna Network Rail ya karɓi layin, daga baya ya dawo da gyaran layi hannun ma'aikatansa. Kuma a can akwai ma'aikata da aikinsu kenan, su zauna su tantance mintocin da jirgi ya makara na wane ne, don wanda aka ɗora wa shi zai biya. Ka ga takardarka kenan, minti ne ake neman wanda za a rataya wa. Faransa ma ta raba layi da jirage a 1997, a 2014 aka wayi gari sababbin jiragen da aka yi oda sun fi faɗin dandamalin tashoshi da yawa, sai da aka bi dandamali sama da 1,000 ana gyarawa, a 2015 suka sake haɗa su ƙarƙashin SNCF, kamfanin reluwen ƙasar. Japan kuwa da ta raba nata a 1987 ta yanki ta raba, kamfanonin fasinja 6 da na kaya 1, kowane na fasinja da layinsa da jiragensa da siginarsa a hannu ɗaya. Ni a ganina wannan ya fi, don in abu ya lalace akwai mutum ɗaya da ba shi da inda zai tura ka.

Amma ko ba a raba kamfani ba rabuwar sassa tana nan. Indiya duk na gwamnati ne, hukumar reluwe a sama, sai shiyyoyi kowace da babban manaja, sai yankuna kowane da manajansa, duk da haka rikicin sassa ya dame su har a 2019 gwamnati ta yanke shawarar haɗe rukunonin manyan jami'ai 8 su zama ɗaya. Abin da ya fi burge ni nasu, hukumar da ke duba lafiyar reluwe ba ta ƙarƙashin ma'aikatar reluwe, tana ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama. Ingila ma tun 2005 tana da masu binciken haɗari na daban waɗanda ba aikinsu ba ne ɗora laifi, sanadi kawai suke nema. Da irin wannan ne ya zauna a kan maganata da ban yi wata biyar a gida ba.

To wa za ka kai wa kuka? Ka hau tsanin har inda sassan suka fara haɗuwa a hannun mutum ɗaya, galibi manajan yanki ne, shi ne na farko da zai iya ba mai sigina da mai layi umarni a lokaci guda. Amma kada ka tsallake oganka, ka rubuta ta hannunsa ka ajiye kwafi, in ka tsallake shi wannan ma wata tuhumar ce. Amsar takardar kuma ka yi ta gajere, ranaku da lokuta da sunan ofishin da ka sanar, kada ka zagi kowa, kada ka ce wane maƙaryaci ne ko da shi ne, ni bakina ya ƙara mini wata biyu a kan ukun da da za a ba ni. Ka nemi wakilin ƙungiya ya karanta kafin ka miƙa. Kuma ka buɗe littafin dokokin aiki ka nemo sashen da ya yi magana kan abin da ake yi in sigina ta lalace, ka kawo lambarsa a amsarka, in ka bi shi ne jirgin ya makara to makarar ba laifi ba ce, aikinka ka yi.

Wani abu kuma, ka gaya wa iyalinka. Ni ɓoyewar da na yi ta fi dakatarwar cin raina, hawan jinin da nake shan magani a kai yanzu a lokacin na same shi. Kuma in kana aikin dare a wannan halin ka kula da kanka sosai, mutum mai damuwa shi ke manta abu, su kuma yanzu kuskure ɗaya suke jira.

Siginar nan dai har yanzu ba a gyara ta ba ko? In haka ne kada ka saki jirgi ko ɗaya a kanta sai ta hanyar da doka ta ce, ko kwantirol zai yi ta ihu a waya, ka ce ya ba ka umarnin da sunansa da lokaci ka rubuta. Ka turo mini abin da aka rubuta a takardar ta akwatin saƙo in duba kafin ka amsa, kwana nawa suka ba ka?