Ka fara kwanciya a ɗakin kafin ka buɗe bokitin fenti

Ɗana, na saurari saƙonka jiya bayan Isha. Ka ce angon da ya ba ka aikin ɗakinsa a Daura ya gaya maka yana son wurin da in ya dawo daga kasuwa ya shiga, ransa zai kwanta, barci ya ɗauke shi ba wahala. Kai kuma kana tambayata wace kala za ka sayo. Na ji daɗi ƙwarai da ka tambaya kafin ka je kasuwa, tunda wannan ne aikinka na farko ba ni a tsaye a kanka. Amma maganar kala ka ajiye ta tukuna, akwai abin da ya riga ta.

Gobe in Allah ya kai mu, ka je ɗakin wajen La'asar, lokacin da rana ta gama dukan gini. Ka tambayi mai gidan inda gado zai zauna, ka shimfiɗa kwali a wurin, ka kwanta rigingine kamar minti goma. Mu masu fenti a tsaye muke aiki, a tsaye muke duba aikinmu, shi kuwa mai ɗaki a kwance zai yi shekaru yana kallonsa. Daga kwance za ka ga silin, da bangon da ke wajen ƙafarka, da inda hasken taga yake faɗowa. Waɗannan ukun su ne ɗakin. Falo na baƙi ne, can ake nuna gwaninta. Ƙuryar ɗaki kuwa ido hutu yake nema a cikinta.

In ka tashi, ka bi bangon nan huɗu ka ɗora tafin hannunka a kan kowanne. Za ka ji na yamma ya fi sauran ɗumi. Ka san garuruwanmu, a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Katsina da Daura, bulon siminti kuma yana shan zafin nan duk yini, sai dare ya yi ya riƙa amayo shi cikin ɗaki. Duk kyan kalar da ka shafa, mutumin da kansa ke jingine da bango mai zafi ba zai yi barci ba. Don haka ka ba ango shawara kada kan gado ya jingina da bangon yamma, kuma in da hali a shafa wa bayan bangon fenti mai haske daga waje, domin fari yana mayar da rana, mai duhu kuwa shanye ta yake. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai ƙofofin iska tsakanin kwano da silin. In babu, ka faɗa masa tun yanzu, ko da ba aikinka ba ne.

Magina na da sun san wannan fiye da mu. Ka taɓa shiga tsohon soro a cikin birni da tsakar rana ai. Bangon tubali mai kauri, rufin azara ta giginya da ƙasa a kai, 'yar taga ƙarama can sama, makuba a waje, farar ƙasa a ciki, ƙasa kuma daɓe. Kana shiga sai ka ji jikinka ya saki, murya ma da kanta take raguwa. Babu ƙyalli, babu kala barkatai, hasken kaɗan ne kuma daga sama yake saukowa. Duk lokacin da aka ce mini ana son ɗaki mai kwantar da rai, wannan soron nake tunawa, sai in yi ƙoƙarin kusantarsa da kayan zamani.

Sai bangon kansa. Ka tambaya yaushe aka yi shafe. Sabon shafe yana son kamar mako huɗu kafin ya karɓi fenti, in da damina ne ma ya fi haka. In kana shakka, ka yanko leda ka manna ta a bango da salatif ta kwana. Da safe in ka ga gumi a bayanta, bangon bai shirya ba. Ni wannan ya taɓa cina. Shekarun baya an matsa mini da cewa biki ya ƙarato, na shafa a kan ɗanyen shafe. Ruwan farko da aka yi, fentin ya kumbura ya riƙa ɓarewa, ɗakin amarya ya koma warin rima. Na koma na kankare na sake da kuɗina, amma kunyar haɗa ido da mai gidan ta fi asarar ciwo. Gara ka ɓata wa mutum rai da jira na mako guda. Idan bangon ya bushe, ka cike tsaga da ramuka, ka goge da samfefa, ka share ƙurar tas, sannan ka fara da shafin farko.

Fentin ruwa za ka sa, marar ƙyalli. Na san mutanenmu suna son fentin mai don ana iya goge shi, amma a ɗakin barci yana mayar da hasken fitila cikin ido, yana tona duk wani tudu da kwari na shafe, warinsa kuma ya daɗe bai fita ba. In ango ya damu da gogewa saboda ƙurar hunturu, akwai fentin ruwa mai ɗan santsi wanda ake bi da jiƙaƙƙen tsumma, ka kawo masa shi. Fentin mai ka bar wa ƙofa da ƙarfen taga, shi ma ka gama shi aƙalla mako guda kafin ranar jere.

To, yanzu kala. Ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske kamar yashin rafi, ko kore mai sanyi wanda aka kashe kaifinsa da fari, ko ruwan toka mai haske. A cikin waɗannan za ka zaɓa. Ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa mai kaifi suna tayar da ido, a ƙasar zafi kuma ji za ka yi ɗakin ya ƙara zafi. Fari fat ma ban cika so a bango ba, yana ɗaukar ido da rana, ƙurar Disamba da Janairu kuma nan da nan take nunawa a kansa. Silin ne wurin fari. Kada ka wuce kala biyu a ɗakin, kuma in za ka bambanta bango ɗaya, ya zama na bayan kan gado, wanda mai kwanciya ba ya gani.

Ga wani abu da yara da yawa ke mantawa. Ango ne ke biyan fenti, amma gado da wadirob da labule da kafet daga gidan amarya za su zo. In ka shafa kore aka kawo labule ja da gado baƙi, aikinka ya tashi a banza kuma kai za a zarga. Ka roƙi ango ya sa 'yan'uwansa mata su tambayo kalar kayan ɗakin. Da ka ji, sai ka sayo ƙaramin gwangwani ka shafa gwaji kamar kamu biyu a bango biyu daban, ka bari ya bushe, domin kalar cikin bokiti ba ita ce ta bango ba. Ka duba da safe, ka duba da yamma, ka duba da dare a ƙarƙashin fitila, ango ma ya gani da idonsa. Wajen lissafi, ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 ba in ka cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana cin kamar mita 10, shafi biyu ke nan lita 8. Sabon bango yana sha, saboda haka ka ƙara kaɗan, amma kada ka tsinka shi da ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokiti don ya yi auki.

Maganar fitila ita ce wadda nake so ka riƙe da kyau, don tana iya gyara aikinka ko ta rusa shi. Ka duba kwalin ƙwan fitila, akwai lamba a jiki. Wanda aka rubuta 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi irin na shago da asibiti, kuma irin wannan hasken da dare yana jinkirta sinadarin da ke jawo barci a jikin mutum. Na ɗakin barci shi ne 2700K zuwa 3000K, mai kama da hasken rana gab da Magariba. A ƙarƙashinsa ruwan madara yakan yi taushi, a ƙarƙashin wancan kuwa sai ya koma kamar toka. Igiyar fitilun nan masu canza kala da ake zagaya silin da su, ka ce masa a bar su a falo. Ka zauna da mai wayarin kafin ka shafa komai: kada a sa fitila daidai saman fuskar mai kwanciya, kada a sa ta a saman fukafukan fanka, domin in fanka na juyawa inuwa za ta riƙa gilmawa a bango har kai ya yi ciwo. A kawo makunni ɗaya kusa da gado, inda hannu zai kai. Duk fasa bangon da za a yi a gama shi kafin kai ka fara.

Haka ma ƙugiyoyin gidan sauro da ƙarfen labule, a kafa su tun yanzu don kada a zo ana buga ƙusa a sabon fenti. Ƙarfen labule ya zarce taga ta kowane gefe yadda haske ba zai ɓullo ba. Madubi kada ya kalli gado ko taga. Ka kuma tuna masa a bar fili ta gabas inda sallaya za ta shimfiɗu ba sai an ja kujera ba, da yawa daga mutanenmu ma ba sa son ƙafar gado ta miƙe wajen alƙibla, gara a tsara tun ɗakin yana fayau.

Jere ba hurumin mai fenti ba ne, iyaye mata ne da shi, kada ka sa musu baki. Abin da za ka iya shi ne ka gaya wa ango cikin ladabi cewa bangon da ke wajen ƙafar gado zai fi daɗi in aka bar shi babu komai, talabijin da kabad ɗin kwanuka su zauna a falo. In ya isar da saƙon, madalla.

Ka je ka kwanta a ɗakin kamar yadda na ce, ka auno shi, ka dubo ina tagar take kallo, sannan ka kira ni bayan Magariba mu tsayar da kala tare. Ka gaishe mini da angon, Allah ya sanya alheri.