Ɓera ya mutu a cikin man suya: shin wuta tana tsarkake shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi suya da daddare, na bar man a kasko don ya huce, barci ya ɗauke ni ban rufe ba. Da safe na tarar da ɓera ya mutu a ciki. Man ya kai lita 3, kuma sau ɗaya na soya abu da shi. Maƙwabciyata ta ce in tace shi in mayar kan wuta, wai wuta tana kashe komai, kuma zubarwa almubazzaranci ne. A gefe akwai kwanon man shanu daskararre, na ga kashin ɓera a samansa. Me zan yi da su? Sannan sau nawa ya halatta a maimaita suya da mai ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, da kika tsaya kika tambaya kafin ki zuba wa iyalinki.

Asalin man girki halal ne, na gyaɗa ne, na riɗi, na zaitun, manja ko man shanu. Allah ya ambaci mai cikin ni'imominsa a Suratul Mu'minun, aya ta 20, inda ya siffanta bishiyar da take fita daga Ɗuri Sina'a da cewa tana fitar da mai da mahaɗi ga masu ci. Saboda haka abin dubawa shi ne abin da ya shiga cikin man.

Wannan mas'ala ta faru tun zamanin Annabi (SAW). Bukhari ya ruwaito daga Uwar Muminai Maimuna cewa an tambaye shi game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, sai ya ce a jefar da ɓeran da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Akwai wata ruwaya ta Abu Dawud ta hanyar mai ruwaya Ma'amar wadda ta rarrabe: idan man daskararre ne a cire ɓeran da kewayensa, idan narkakke ne kada a kusance shi. Wannan ƙarin shi ne tushen saɓanin malamai, domin Tirmizi ya naƙalto daga Bukhari cewa Ma'amar ya yi kuskure a cikinsa.

Jumhur, wato mazhabobi huɗu a mashhurin zancensu, sun tafi a kan rarrabewar. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a Risala cewa man shanu ko mai ko zuma, idan narkakku ne ɓera ya mutu a ciki, zubarwa ake yi, ba a ci. Khalil, malamin mazhabar Malik, a littafinsa Mukhtasar ya ƙara fito da ita fili: abinci mai ruwa-ruwa, komai yawansa, najasa kaɗan tana ɓata shi. Dalilinsu a bayyane yake. Mushe yana sakin abin da ke cikinsa, shi kuma narkakken mai ba shi da katangar da za ta tsare wani sashe daga wani.

Wasu kuwa, cikinsu har da Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 728, suna ganin mai kamar ruwa yake, ba ya zama najasa sai launinsa ko ƙanshinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma da mai babban tanki ne ya tambaye ni, wanda zubarwar za ta karya masa jari, da na zauna na duba ta da kyau. Amma ke kasko ne, lita 3, ɓera ya kwana a ciki, wataƙila ma man da ɗuminsa ya faɗa. Ɓeran da yake nutsewa yakan saki fitsari da kashi, kuma ta nan ne cututtuka irin su zazzaɓin Lassa suke kama mutane. Hukuncina a kan man kaskonki shi ne ya najastu, bai halatta a ci ba, ko a ciyar da wani.

Maganar maƙwabciyarki ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, wannan gaskiya ne. Amma najasa hukunci ne da ya rataya a kan wanzuwar ƙazantar kanta, kuma tafasa ba ta fitar da ita, sai dai ta ƙara narkar da ita ta game ko'ina. Abin tacewa zai kama gashi, ba zai kama abin da ya riga ya narke ba. Malaman da suka ce ana iya tsarkake mai, irin su Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, da ruwa suka ce a wanke: a zuba masa ruwa, a girgiza, a bari man ya taso sama, a tsiyaye ruwan, a maimaita. Mashhurin mazhabar Malik bai yarda da wannan ba, Khalil ya ce man da najasa ta cakuɗa da shi ba ya tsarkaka.

Zubar da shi kuma ba almubazzaranci ba ne, domin almubazzaranci yana kasancewa ne a abin da shari'a ta bar miki ki ci. Duk da haka ba dole sai kin yi asararsa gaba ɗaya ba. Malikiyya sun halatta amfani da abin da asalinsa tsarkakakke ne najasa ta same shi, muddin ba a cikin masallaci ba ne, ba kuma a cin ɗan'adam ba. Za ki iya yin sabulu da shi, ko kunna fitila, ko shafa wa ƙofa mai ƙara. Sayarwa ce ba su halatta ba, balle a sayar wa mai suya ba tare da an gaya masa ba, wannan ha'inci ne a kowace mazhaba. Kaskon ƙarfe kuwa ki wanke shi da sabulu, ki ɗauraye da ruwa mai tsarki, ya tsarkaka.

Man shanun nan da sauƙi. Ki sa cokali ki kwashe kashin da abin da ke kewaye da shi, ki ɗan zurfafa, sauran halal ne. Yadda malamai suke gane daskararre shi ne a ɗebi cokali ɗaya: idan ramin ya tsaya yadda yake, daskararre ne, idan ya cike nan take, narkakke ne. Sai dai a kula da wani abu da ake yawan mantawa. Man shanu da manja da man kwakwa suna narkewa su sake daskarewa gwargwadon yanayi, man kwakwa ma da zarar zafi ya wuce digiri 24 zuwa 25 ya fara zama ruwa. Abin lura shi ne halin da man yake ciki tun daga lokacin da najasar ta faɗa har aka cire ta. Idan kin san jiya da rana a narke yake kuma kashin yana ciki, daskarewar safiya ba za ta cece shi ba. Alamarta ita ce ki ga kashin ya nutse can ƙasa maimakon ya zauna a sama. Sahnun, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, ma ya ce ko daskararre ne, idan mushen ya daɗe a ciki, duka ake zubarwa. Idan kuwa shakka ce kawai, ƙa'idar malamanmu ita ce ba a zubar da abinci saboda shakka.

Kada wannan ya jefa ki cikin waswasi. Ƙuda, tururuwa, kyankyaso da duk abin da ba shi da jini mai gudana, mutuwarsa a cikin mai ba ta najastar da shi, hadisin ƙudan da ya faɗa cikin abin sha yana nan a Bukhari. Ki cire, ki tace. Idan ranki ya ƙi, wannan ƙyama ce, kina da 'yancin barinsa.

Game da maimaita suya, shari'a ba ta yanke adadi ba, kuma duk wanda ya ce miki sau kaza ne a addini, ki nemi ya kawo dalili. Ma'aunin shi ne cutarwa, bisa hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa. Duk lokacin da aka ƙona mai, zafi da iska da ruwan abincin suna farfasa shi, ya tara sinadarai masu illa ga jiki. Shi ya sa ƙasashen Turai da dama suka wajabta wa gidajen abinci zubar da man suya idan ɓataccen kasonsa ya kai wajen kashi 25 cikin 100. Ke ba ki da na'urar awo, amma kina da ido da hanci. Idan ya yi baƙi, ya yi kauri yana danƙo a cokali, yana kumfar da ba ta kwanciya, yana hayaƙi tun kafin ya yi zafi sosai, ko yana warin ƙauri da maƙaƙi, to ya gama aiki, kuma ciyar da yara da shi bayan kin ga haka bai dace ba. Idan likita ya hana wani cikin iyalinki irin wannan mai saboda ciwon da yake fama da shi, to a kansa hanin ya ƙara ƙarfi. Kafin ya kai haka, halal ne ki bari ya huce, ki tace ɓurɓushin da ya ƙone, ki juye shi a mazubi mai murfi, ki ajiye inda rana ba ta dukansa.

Wallahu a'alam.