Amsa ga mai yawan asara a poka na ƙananan kuɗi

Ɗan'uwa, ka ce watanni uku kana buga Texas Hold'em (nau'in poka da ake ba kowa katuna biyu, sannan a buɗe wasu biyar a tsakiya waɗanda kowa ke haɗawa da nasa) a teburan ƙananan kuɗi amma kullum da asara kake tashi, kana tambayar inda gyara yake. A ganina matsalarka ta fi yawa tun kafin a buɗe katunan tsakiya. Nau'in katunan farawa, wato biyun da ake ba ka, 169 ne, kuma mafi yawansu na zubarwa ne. A tebur mai mutum shida, wanda yake shiga rabo da yawa fiye da kima yana ciyar da abokan wasansa ne kawai. Ka fi shiga idan kai ne na ƙarshe a yin magana, domin ka riga ka ga abin da kowa ya yi.

Sai lissafi, wanda sababbi ke gudu. Idan kana da katuna huɗu masu alama ɗaya bayan an buɗe ukun farko na tsakiya, kana neman na biyar, tara masu wannan alama ne suka rage cikin 47 da ba ka gani ba, wato kusan kashi 19 cikin ɗari a kati na gaba. In akwai kuɗi 100 a tsakiya kuma abokin wasa ya zuba 50, kana bukatar damar cin nasara ta kai kashi 25 kafin biyan 50 ɗin ya dace, saboda haka sau da yawa janyewa ta fi.

Burga kuwa, wato zuba kuɗi da katuna marasa ƙarfi don abokin wasa ya janye, ka rage ta, domin 'yan wannan mataki ba sa janyewa. Ka zuba sosai idan hannunka ya yi kyau. Kada ka manta da kason da gidan wasa ke cira a kowane zagaye, wanda a ƙananan tebura yakan cinye ribar mutum baki ɗaya.