Ƙugiyar da aka cire maka

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni, wai ƙa'idar salon rubutu a Wikipedia dole ce ko ganin dama, tunda wani ya bi bayanka ya mayar da "ƴan kasuwa" zuwa "'yan kasuwa" a shafin da ka gyara. Na ga ranka ya ɓaci. To, ɗana, saurara.

Ƙa'idojin nan ba nauyinsu ɗaya ba. Kawo madogara, rashin ɗaukar ɓangare, barin kwafe rubutun wani, waɗannan ba a wasa da su. Salon rubutu kuwa jagora ne: ana binsa, amma da hankali. Wikipedia da ta fara a 2001 ginshiƙai 5 ta tsaya a kansu, na biyar ɗin cewa yake babu dokar da ba ta lanƙwasuwa. Sai dai wannan sassauci don gyaran aiki aka yi shi, ba don mai taurin kai ba.

Naka batun mai sauƙi ne. Mu nan Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya 'y, kowa da gaskiyarsa. Masu Wikipedia ta Turanci sun sha wannan rigima tsakanin rubutun Ingila da na Amurka. Suka tsaya a kan cewa shafi ya riƙe salo guda daga sama har ƙasa, wanda ya tarar da salo ya bar shi, sai in batun na wata ƙasa ne, a bi nata. Ni ma da wannan ma'auni nake aiki. In shafin Tibiri ne, zan kare ƴ. In na Kano ne, ba ruwana. Kamar katin biki ne da muke bugawa a nan shago, ai ba ka taɓa ganin na sauya harafi a tsakiyar layi ba.

Amma cire ƙugiyar ɗ a Maraɗi, ko rubuta "kafa" inda ake nufin "ƙafa", wannan ba salo ba ne, kuskure ne. Gyara shi, ba sai ka nemi izini ba.

Abin da na hana ka shi ne ja-in-ja, ya mayar ka mayar. A ta Turanci, wanda ya mayar da gyara fiye da sau 3 a shafi guda cikin awa 24 ana iya toshe shi, wato a hana shi gyara. Buɗe shafin tattaunawa, ka yi masa sallama, ka tambaye shi da wane harafi aka fara rubuta shafin. Ka duba tarihin shafin tukuna, kada ya zama kai ne ka fara sauyawa.