Amsa kan inuwar da ke fitowa a allon LED

Malam, ka tambaya ko kebul ne ke jawo inuwar da kake gani kusa da rubutu a allonka na LED (allon da ƙananan fitilu ke haɗa hotonsa) samfurin P1.5, wato mai tazarar kusan milimita 1.5 tsakanin ɗigon fitilunsa. Galibi ba laifin kebul ba ne. Irin wannan allo bi da bi yake kunna layukansa, misali layi ɗaya cikin kowane 32 a lokaci guda. Idan an kashe layi, ragowar caji kan maƙale a wayoyi, sai ya zubo wa fitilun maƙwabta su ɗan haska, kuma a baƙin bango abin ya fi muni.

Shiga manhajar katin sarrafa allon, ka ƙara tazarar lokaci tsakanin kashe layi da kunna na gaba. Haske zai ɗan ragu, amma a ganina tsabtar hoto ta fi. In kuwa dogon jerin fitilu ɗaya ne ke haske kamar zare, wata fitila ce ta lalace, a canza ta.